Gishiri Goma, Sukari Ɗaya

A duk faɗin Mubi babu gidan da cuta take jin tsoro kamar gidan Baba Andrawus na unguwar Lokuwa. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin duba-gari, yana leƙa randunan mutane da ludayi, yana tsawata wa matan da ya samu tsutsar sauro a ruwansu. Ya yi ritaya, amma ilimi ba ya ritaya. Saboda haka da rediyo ya ce Ebola ta sauka a Legas a daminar 2014, mutanen layin ba su ruɗe sosai ba, don sun san suna da masani a kusa. Shi ma ya san haka.

Garin a lokacin ba ya rasa abin tsoro. Kullum motoci na shigowa daga wajen Gwoza da Madagali, an ɗaure katifu a sama, tsofaffi a ciki. Ba wanda ya san ko masu bindigar za su iso Mubi, ko yaushe, ko ta wace hanya. Wannan tsoron ba a wanke masa hannu. Ebola kuwa ta zo da ladabi, ta zo da dokokin da mutum zai iya bi: kar a gaisa, kar a ci naman daji, a wanke hannu. Sai mutane suka kama ta hannu bibbiyu. Namijin goro, da aka ce yana maganinta, ya ɓace a kasuwa. Wata Juma'a saƙo ya zaga wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, aka wuni rabin garin na susa, ɗaya rabin na neman ban-ɗaki. Baba Andrawus ya ce wannan jahilci ne. Ya yi wankan dai, saboda rigakafi ya fi magani. Daga nan ya fito da tsohon kakinsa, ya kafa bokiti mai famfo a ƙofar gida, ya zauna kusa da shi.

A gidan akwai Tabitha, matar ƙanensa Matiyu. Matiyu ya tafi Madagali tun watan Maris ɗauko kayan gona, ba a sake jin labarinsa ba. Ya bar ta da jaririya, Roda, wadda a wannan daminar take wata bakwai. Tabitha tana shara da goge-goge a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar. Da safe ta bar Roda wajen Mama Margret, matar Baba Andrawus, da rana ta leƙo ta ba da nono, da la'asar ta dawo.

Ranar wata Litinin ta dawo, tana wanke ƙafa a tsakar gida, ta yi abin da ya jawo mata komai, wato ta ba da labarin aiki.

"Mama, yau na sha wahala. Wani direban tirelar shanu aka kawo, daga Legas ya dawo, amai kamar an buɗe famfo. Sau uku ina goge ɗakin."

Muciya ta tsaya a hannun Margret.

"Baban Nehemiah! Zo ka ji abin da yarinyan nan ya kwaso mana."

Baba Andrawus ya shigo, ya tsaya nesa, ya sa ta maimaita. Ta maimaita, tana miƙa hannu wajen Roda da ke kan tabarma tana ɗaga mata hannuwa.

"Kar ki taɓa ta."

"Baba, nono zan ba ta."

"Na ce kar ki taɓa ta. Kin sa safar hannu?"

"Ta ƙare tun makon jiya. Amma sista ta ce maleriya ce."

"Sista ta ce. Sistar da aka haifa ina mataki na takwas a aiki." Ya gyara kwalar kakinsa. "Kwarantin, wato a killace ki. Kwana ashirin da ɗaya. Ba ni na faɗa ba, duniya ce ta faɗa."

Aka fitar da buhu biyu daga siton masara don ta samu wurin miƙe ƙafa. Sito ne na bulo, ƙofar kwano, da 'yar taga mai waya wadda ke kallon baranda. Aka sa gorar sharar yanar gizo aka tura mata tabarma da bokiti. Baba Andrawus ya sa kwaɗo, ya ɗauko alli ya ja layi ɗaya a jikin ƙofar, kwana na farko ke nan. A fuskarsa akwai natsuwar da ba a gani ba tun da aka fara jin labarin Gwoza. Ga shi dai an samu abin tsoron da kwaɗo ke riƙewa.

Roda ta yi kuka har muryarta ta dushe. Margret ta dama mata koko, ta tofar. Aka sayo madarar gari a shago, aka kwaɓa da ruwan rijiya, rijiyar da ruwan sama ya cika har ta canja launi. A gidan wani, da duba-gari ya hana. Amma wannan rijiyar tasa ce, kuma ya san ta.

A kwana na uku nonon Tabitha ya cika ya yi tauri kamar ɗanyar gwanda, jikinta ya ɗau zafi. Baba Andrawus ba shi da ma'aunin zafi, da ido yake auna zazzaɓi daga taku uku. Ya leƙa ta taga, ya ga tana rawar sanyi, ya gyaɗa kai.

"Alama ta farko."

"Baba, nono ne. Duk macen da aka raba da goyo haka take yi. Tambayi Mama."

Margret, wadda ta shayar da 'ya'ya shida, ta ce ita dai ba likita ba ce.

Tabitha ta tatsa a gwangwanin tumatir da ta wanke, ta miƙo ta ƙarƙashin ƙofa. "Ku tafasa in kuna tsoro. Ku tafasa ku ba ta, don Allah." Baba Andrawus ya sa leda a hannu, ya ɗauki gwangwanin, ya zuba masa bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, ya juye a masai. Ya yi mata bayani a tsanake cewa nono ruwan jiki ne, kuma ruwan jiki shi ne hanyar cutar. Bayanin ya yi kyau. Roda tana kuka a bayansa yayin da yake yi.

A kwana na huɗu Sista Zulaiha, nas ɗin asibitin, ta zo neman ma'aikaciyarta. Ba ta wuce bokitin ƙofa ba.

"Baba, mutumin nan maleriya ce. Mun yi masa allura uku, jiya ya ci tuwo kwano biyu, yau ya ɗora shanu ya kama hanya."

"Da wace na'ura kuka gwada shi?"

"Da ta maleriya."

"To, kin gani. Kun nemi maleriya kun samu maleriya. Da kun nemi Ebola fa?"

"Wanda ke da Ebola ba ya tuƙa tirela, Baba."

"'Yata, mutum goma sha ɗaya ke kwana a gidan nan. In na buɗe ƙofar nan wani abu ya faru, ke za ki binne su?"

"Aƙalla ku ba ta 'yarta. Ba a yaye ɗan wata bakwai rana ɗaya, a damina kuma."

"Wanke hannu kafin ki tafi," ya ce, yana nuna mata famfon.

Ba ta wanke ba. Wannan ya ƙara tabbatar masa da irin asibitin da suke gudanarwa, kuma da yamma ya faɗa wa duk wanda ya wuce, har da masu keken haya mai ƙafa uku da ke tsayawa a bakin layi. Ya ce ba ya son tayar da hankalin kowa, amma akwai wadda ake sa wa ido a gidansa, kuma komai yana hannu. Mutane suka yaba. Wasu suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen titin in za su wuce, suna ɗago masa hannu daga can.

A kwana na shida Roda ta fara zawo.

Da farko Margret ta ce haƙori ne. Da ya kai sau bakwai kafin azahar, ta tuna abin da rediyo ya lissafa: zazzaɓi, amai, zawo. Ta sauke yarinyar daga bayanta kamar an ce mata garwashi ne. Ta shimfiɗa tsumma a daron wanki, ta kwantar da ita a ciki, ta ture daron ƙarshen baranda. Ta ɗaura leda a hannuwanta biyu har gwiwar hannu.

Daga tagar sito Tabitha tana ganin gefen daron da ƙafa ɗaya.

"Mama, ki haɗa mata ruwan gishiri da sukari. Kwalbar lemo biyu na ruwa, a tafasa. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a shafe bakinsa. Sukari goma."

Baba Andrawus ya taso daga kujerarsa. Wannan fagensa ne.

"Ni za a koya wa ruwan gishiri da sukari? Ni da na zaga ƙauyen Bahuli gida-gida ina koyar da shi, ke kina tsumma?"

"To Baba, ɗaya da goma ne."

"Na san ɗaya da goma ne."

Lallai ya san lambobin. Abin da shekaru suka ɗan goge shi ne wanne ke tafiya da wanne. Ya tsaya da cokali a hannu, gishiri a dama, sukari a hagu, matarsa na kallonsa, matar ƙanensa na kallonsa ta wayar taga. Wani zai iya tambaya. Amma shekara talatin da biyu ba sa tambayar mai goge-goge. Kuma ai sunan abin da gishiri ya fara, ga shi duk ƙasar ta yarda cewa cutar nan ba ta shiri da gishiri. Ya fara ɗiba.

"Baba, wancan gishiri ne! Baba, ya isa! Ɗaya ne kawai!"

"Na zamanin lafiya kike faɗa. A lokacin annoba ana ƙarfafa shi."

"Ɗanɗana, Mama! Kar ya fi hawaye gishiri, haka sista take cewa. Ki ɗanɗana!"

"Ni in sa baki a kofin da yarinyan zai sha?" Margret ta ce. "Ke kina son ki ƙarasa mu duka ne?"

Roda ta ƙi sha. Aka matse mata hanci. Yaro mai ƙishirwa daga baya yana shan komai, ita ma ta sha. Baba Andrawus ya ce kun gani, jiki ya san abin da yake buƙata.

Tabitha ta bugi ƙofar kwanon da hannu, sannan da kafaɗa, sannan da dutsen da ake danne buhu. Maƙwabta sun ji. Matar gidan da ke jikin katanga ta gaya wa mijinta cewa an ce in cutar ta hau kai haka suke yi. Mutum ɗaya ne ya zo, Hammanjoda, wani tsohon dillalin shanu da ke ƙarshen layi, wanda kunnensa ya yi nauyi har yawancin labaran rediyo sun wuce shi.

"Andrawus, wa kake yankawa a ciki?"

"Harkar lafiya ce, Hamman. Ba fanninka ba ne."

"Ni na san saniya. In ka raba shi da maraƙi, duka biyu suna lalacewa."

"Mutum ba saniya ba ne."

"Haka ne," in ji tsohon. "Saniya ana tausayinshi."

A kwana na takwas kukan ya canja, ya koma siriri kamar na 'yar kyanwa. A na tara da safe ya tsaya. Tabitha ta manna fuska a wayar taga tana kiran sunan, ƙafar da take gani a daron ba ta motsa ba sai wata 'yar karkarwa. Margret ta tsaya nesa da daron tana addu'a da ƙarfi. Tana son yarinyar, kowa ya shaida, ita ta yi mata wankan farko. Amma tana da jikoki huɗu a gidan, kuma ta faɗi hakan sau da yawa a ranar, ko da ba a tambaye ta ba.

Baba Andrawus ya yi nazari, ya yanke hukunci irin na masana. Tunda yanzu dukansu biyu abin zargi ne, babu dalilin raba su. Ya buɗe kwaɗon, ya ja da baya, ya tura daron da gora har bakin sito.

"Ɗauki 'yarki."

Maɗigar Roda ta faɗa, leɓunanta sun bushe sun tsage. Tabitha ta sa mata nono a baki. Nonon ya zubo a kumatunta, ya gangara wuya. Ba ta kama ba.

Tabitha ta goya ta, ta nufi ƙofar gida.

"Saura kwana goma sha biyu," Baba Andrawus ya ce. "In kin fita, alhakin garin nan yana wuyanki."

Ba wanda ya tare ta, don tarewa sai da taɓawa. A bakin layi keke uku ne a tsaye. Na farko ya ce mai ya ƙare. Na biyu ya tada inji ya tafi babu fasinja. Na uku, wanda ta sha shiga kekensa, ya ce, "Anti, ki yi haƙuri, ina da yara," ya kawar da kai. Ta kama tafiya da ƙafa, ruwa na yayyafi. A bayanta ta ji takun sanda, Hammanjoda ne da tsohuwar lema, yana ƙoƙarin riƙe ta a kan goyon. A shingen sojoji aka ce kowa ya ɗaga hannu ya wuce ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga hannuwa biyu, tana jin kan yarinyar yana lilo a bayanta.

A asibitin, Sista Zulaiha ta nemi jijiya a hannu, ta nema a ƙafa, ta aske gefen kai ta samu. Ruwan ya fara ɗiga. Sai jikin Roda ya sanƙare, idanu suka juye, ta fara jijjiga.

"Me aka ba ta?"

"Ruwan gishiri da sukari."

"Nawa da nawa?"

Tabitha ta faɗa. Zulaiha ta dube ta, ta dubi bango. Kafin la'asar ta cire allurar da kanta.

An aika gida. Amsa ta dawo cewa gawar mai irin wannan cuta ta fi mai rai haɗari, ba za a shigo da ita ba, kuma bai kamata a taru ba. Mai gadin asibitin ne ya haƙa ramin a maƙabartar Kirista, Hammanjoda ya tsaya daga gefe riƙe da lemarsa, ya yi tasa addu'ar a tasa hanyar. Wani dattijon majami'a ya karanta aya daga nesa, ya rufe littafin da sauri.

Ba ta da inda za ta je. Hanyar garinsu a duwatsun Michika ta zama hanyar da ake fitowa, ba wadda ake shiga ba. Ta koma Lokuwa. Baba Andrawus ya karɓe ta, don shi ba mai korar matar ƙanensa ba ne. Ya dai goge layukan allin ya fara daga ɗaya, tunda ta taɓa gawa. Ta cika kwanakin ba ta yi ko tari ba. Ya ce wannan ya nuna amfanin kwarantin.

Game da Roda, ya ce ba a gwada ba, saboda haka ba wanda zai iya cewa ga abin da ya kashe ta. In Ebola ce, ya ceci mutum goma sha ɗaya. In ba ita ba ce, to kwana ne ya ƙare. Margret ta ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, kuma da uwar ba ta tafi aikin kwasar aman mutane ba, da duk wannan bai taso ba. Zulaiha ta faɗi abin da ta sani ga mutum biyu ko uku, amma a watan Satumba Michika ta faɗi, garin ya cika da baƙi, ba wanda ke da kunnen jin labarin cokali.

Wajen ashirin ga Oktoba rediyo ya ce Ebola ta bar ƙasar. A ranar Lahadin da ta biyo, gidan Baba Andrawus ya yi godiya a majami'a. Suka fita gaba da rawa, shi da Margret da 'ya'ya da jikoki cikin atamfa iri ɗaya. Ya karɓi makirfo ya ba da shaida cewa annoba ta zo har ƙofar gidansa, amma Allah ya ba shi hikima, ba ta ɗauki ko mutum ɗaya daga cikin 'ya'yansa ba. Aka yi guɗa. A lokacin ana jin ƙarar manyan bindigogi daga arewa in iska ta juyo, sai masu ganga suka ƙara ƙarfi.

Tabitha ba ta je ba, don dole wani ya tsaya ya dafa. Baƙi arba'in aka gayyata. Tun safe take kan shinkafa da miyar yakuwa da naman akuya, ita ta yanka, ita ta wanke, ita ta zuba a kwanuka da hannunta, kuma ba wanda ya ga laifin hannun. Da rana tsakar gidan ta cika, aka kunna kiɗa, mata suka ajiye jaka suka shiga fili.

Wata baƙuwa, ƙawar babbar 'yar Margret, ta zo da ɗa namiji ɗan wata tara, mai ƙiba, yana ta fizgar ɗankunnenta. Tana son rawa, ta duba hagu ta duba dama, kowace mace da nata a baya. Margret ta nuna mata bakin murhu da haɓa.

"Kai wa Tabitha. Shi ba shi da goyo."

Matar ta zo da murmushi, ta miƙo yaron. "Anti, riƙe mini shi kaɗan, yanzu zan dawo."

Tabitha ta ajiye ludayin. Ta goge hannuwanta a zani, gaba da baya, ta karɓe shi. Yaron ya dube ta, ya kwantar da kai a ƙirjinta, ya fara laluben rigarta da baki. Ta juya wa fili baya, ta zauna a kan turmi, tana jijjiga shi a hankali har aka gama waƙar, aka sa wata.